Duba Kwalba Kafin Allura: Zaɓen Digirin Intanet ga Ma'aikatan Jinya

Shugaban wannan zama, iyayenmu shugabannin ma'aikatan jinya, malamanmu na makarantun jinya da ungozoma, 'yan'uwa maza da mata: Wasunku daga aikin dare suka wuto nan ko runtsawa ba su yi ba, wasu kuma aikin yamma na jiransu, saboda haka ba zan tsaya doguwar shimfiɗa ba.

Babu nas ɗin da ta san aikinta da za ta fasa kwalbar allura ba ta karanta abin da ke rubuce a jikinta ba. Takan ɗaga ta ga haske, ta duba sunan maganin da ƙarfinsa, ta duba ranar da wa'adinsa zai ƙare, ta lura ko ruwan ya sauya launi, ta gwada da abin da likita ya rubuta a kati, sannan ta tabbatar wanda ke kwance a gadon shi ne mai katin. Duk wannan bai kai minti guda ba, amma sau da yawa shi ke raba magani da guba. Abin mamaki, wannan nas ɗin mai tsantseni ita ce za ta ga talla a Facebook, ko a turo mata a WhatsApp, cewa wata jami'a na ba da digirin jinya ta intanet cikin shekara ɗaya, babu zuwa aji babu wahalar jarrabawa, ta kwashi albashin wata uku ta tura ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Maganata a yau ba ta wuce wannan ba: digiri ma kamar magani yake, akwai na ƙwarai akwai jabu, kuma abu biyu ake dubawa a jikinsa. Wa ya amince da shi? Me kuma zai sa mutum ya iya wanda da bai iya ba? Sauƙi da sauri da araha, waɗanda masu talla ke kaɗa wa ganga, a ƙarshe ya kamata a zo kansu. In kuwa suka yi yawa, to ruwa ba ya tsami banza.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake rububin digirin. Wanda ya yi shekara uku a makarantar jinya, ya ci jarrabawar hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa, wato NMCN, ya karɓi lasisi, cikakken nas ne a idon doka, babu wanda ya isa ya kushe masa. Sai dai tsaninsa na ƙarewa kafin a kai saman soro. A ma'aikatu da dama matakan darakta a sashen jinya sai mai digiri, digiri na biyu da na uku sai an bi ta na farko, koyarwa a jami'a ma haka. Ba yau aka fara ba. Sashen koyar da jinya na Jami'ar Ibadan, wanda shi ne na farko a ƙasar nan, an buɗe shi a 1965, kuma waɗanda aka fara ɗauka nas-nas ne masu rajista da ke kan aiki, domin a samu masu koyarwa da masu shugabanci. A waje ma can iska ta dosa. Tun 2013 duk mai shiga karatun jinya a Ingila digiri yake yi, a Amurka kuma jihar Niyu Yok ta yi doka a 2017 cewa sabon nas ya samu digiri cikin shekara goma da karɓar lasisi. Abin da intanet ta kawo sabo shi ne ta ɗauke wa mai aiki tilascin barin aikinsa da iyalinsa ya tare a Ibadan ko Zariya.

Amma ƙarin girma da albashi hujjar ma'aikaci ce. Shi majiyyaci me zai samu? Amsa mafi ƙarfi ta fito ne daga binciken Farfesa Linda Aiken ta Jami'ar Pensilbaniya da abokan aikinta. A 2003 suka wallafa a JAMA, mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, abin da suka gano daga bayanan majiyyata sama da 230,000 da aka yi wa tiyata a asibitoci 168. Duk inda yawan nas-nas masu digiri ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, hatsarin mutuwar majiyyaci cikin kwana 30 da kwantar da shi yakan ragu da kashi 5 cikin 100. A 2014 suka buga irin wannan aiki a mujallar Lancet, wannan karon daga asibitoci 300 a ƙasashe tara na Turai, kan majiyyata sama da 420,000. Nan ma ƙarin kashi 10 na masu digiri ya zo da raguwar kashi 7 na hatsarin mutuwa. Sun kuma gano cewa duk majiyyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan nauyinta na zuwa da ƙarin kashi 7 na wannan hatsari. Ku riƙe wannan adadi na ƙarshe, za mu dawo kansa.

Ta yaya karatu ke zama ceton rai? Mu ɗauki ƙarfe uku na dare a ɗakin masu jego. Wata baiwar Allah da aka yi wa tiyata aka ciro jariri da yamma tana kwance shiru, ba ta kuka ba ta kira. A katinta bugun zuciya 88 ne da ƙarfe goma sha ɗaya, 102 da ƙarfe ɗaya, yanzu 118. Awon jini ya ɗan sauka amma bai faɗi ba, ƙunzugunta bai jiƙe sosai ba, fitsarin da ke jaka bai taka kara ya karya ba, tafin hannunta ya yi sanyi. Kowace alama in aka ɗauke ta ita kaɗai ana iya samo mata uzuri: zafin ciwo ne, tsoro ne, gajiya ce. Wanda ya fahimci yadda jikin mai ƙuruciya ke ɓoye zubar jini, yadda zuciya ke ƙara gudu domin ta tallabi awon jini har zuwa lokacin da zai rushe farat ɗaya, shi ne zai karanta layin gaba ɗaya ya san jini ke tsiyaya a ciki. Shi ne kuma zai iya shaida wa likita a waya, cikin jimla huɗu, abin da ba zai bar shi ya koma barci ba. Darussan aikin sassan jiki, da yadda cuta ke sauya shi, da ilimin magunguna, da iya karanta bincike, ranarsu ke nan.

To a nan gizo ke saƙa. Alƙaluman Aiken sun ƙirga masu digiri ne domin digiri ake iya ƙirgawa, amma abin da ya yi aiki a bakin gado shi ne karatun da ke bayan takardar. Takardar da babu karatu a bayanta kwalba ce da aka ɗura wa ruwan famfo aka manna mata tambari, kuma kasuwarta tana ci. A ƙarshen Disamba 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga yadda wakilinta Umar Audu ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Kwanaki kaɗan bayan haka Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce 'yan Najeriya sama da 22,000 ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Janairu 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo cinikin takardun jinya na bogi sama da 7,600 daga makarantu uku a jihar Fulorida, hukumomin jihohi suka bi waɗanda suka saya, har da waɗanda suka riga suka fara aiki, suna soke musu lasisi. Ga wanda ke da lasisi a hannu, cacar ta fi muni, domin abin da ya aza a faifai ya wuce kuɗin da ya biya: lasisin da ya yi wa gumi ne, da aikinsa, da fanshonsa.

Duba ta farko ke nan, wato wa ya amince da shi, kuma ita ce wa digiri kamar lambar NAFDAC a jikin magani. A Najeriya hukuma biyu ke da ta cewa. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke ba jami'a izinin buɗe kwas ta kuma riƙa zuwa tantance shi lokaci-lokaci. NMCN, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, ita ke kula da ɓangaren sana'a. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a sunan jami'a. Jami'a na iya zama halastacciya, tsohuwa, mai suna, amma kwas ɗin jinyarta bai samu amincewa ba. Ko kuma wanda ake yi a cikin harabarta ya samu, amma ba a ba ta izinin koyar da shi daga nesa ba, domin wannan izini daban NUC ke bayar da shi. Sakamakon tantancewar ma hawa-hawa ne: akwai cikakkiyar amincewa, akwai ta wucin gadi, akwai hani, kuma abin da ya tabbata shekara biyar da suka wuce ba lallai ya tabbata bana ba. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta ƙasa, NOUN, da cibiyoyin karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Obafemi Awolowo a Ile-Ife, da ta Ladoke Akintola a Ogbomosho, suna cikin waɗanda aka sani da digirin jinya ga masu rajista. Na ambace su ne domin a san hanyar halal tana nan, nauyin bincike kuwa yana wuyan mai shiga. Kowacce mutum ya zaɓa, ya duba jerin hukumomin biyu da idonsa a shekarar da zai shiga, in abu ya shige masa duhu ya rubuta musu ko ya taka ofishinsu. Hoton takardar amincewa da dillali ya turo ta waya ba hujja ba ne. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Akwai amincewa ta uku da ba a tuna ta sai an gama, ita ce ta wurin aiki. A aikin gwamnati ƙa'ida ce ma'aikaci ya nemi izinin ƙaro karatu a rubuce kafin ya fara, wanda ya tsallake wannan mataki kuwa yana iya kawo digiri lafiyayye a cusa masa shi a fayil ba a sauya masa matsayi ba. Tun kafin sayen fom ya dace ya tambayi sashen ma'aikata wane digiri tsarin aikinsu ya sani a layin jinya, domin digirin lafiyar al'umma ko na ilimin kiwon lafiya, duk da amfaninsu, ba lallai su hau da mutum wannan tsani ba. Digirin ƙasar waje ma yana da nasa ƙayoyi. A Amurka hukumomi biyu aka fi sani da tantance karatun jinya, CCNE da ACEN, kwas ɗin da babu ɗayansu a bayansa ko 'yan ƙasar gudunsa suke yi. Mafi yawan kwasa-kwasan da aka tsara wa nas mai aiki a can suna sharɗanta lasisin wata jiha ta Amurka, saboda haka makarantar da ta ce can take amma ba ta tambayi lasisin kowa ba, ita ta cancanci a tsare da tambaya. Ga kuma dala. Wanda ya shiga irin wannan karatu a farkon 2023, lokacin da farashin gwamnati bai kai naira 500 ba, ya wayi gari a Fabrairu 2024 dala ta haura 1,500, kuɗin makarantarsa ya ninka uku, albashinsa na nan inda yake. Masu niyyar fita waje kuma su sani digiri ba ya maye gurbin lasisi. Ingila na da jarrabawarta, Amurka na da NCLEX, kuma babu wadda ba ta neman NMCN ta tabbatar da rajistar mutum. Takardar da ba za ta jure wasiƙa ɗaya daga Landan ba, gara babu ita a fayil.

Duba ta biyu, wato abin da karatun zai sa mutum ya iya, ta fi wuya, domin babu jerin da za a buɗe a gani, kuma kwas na iya samun amincewa amma a tafiyar da shi sakaka. Tambayoyin da ke tona asiri ba su da yawa. Su wa ke koyarwa, nas-nas ne masu manyan digirori da ake iya sanin sunayensu, ko takardu kawai aka jibge a intanet aka ce kowa tasa ta fisshe shi? In ɗalibi ya tura aikin gida, wani na karantawa ya dawo masa da gyara, ko maki kawai ke fitowa? A ina ake jarrabawa, wa ke sa ido? Ana zuwa aikin koyo a asibitin koyarwa da cikin al'umma a ƙarƙashin mai dubawa, ko sa hannu kawai ake nema a littafi? Kundin bincike na shekarar ƙarshe, ɗalibi ke fita ya tattara bayanai ya kare shi a gaban malamai, ko kowa ya san shagon da ake saye? Ofishin talla ba zai amsa waɗannan ba. Amsa na wurin ɗaliban shekarar ƙarshe da waɗanda suka gama bara. A nemi uku ko huɗu, waɗanda ba makarantar ce ta zaɓo su ba, a tambaye su wata nawa sakamako ke ɗauka kafin ya fito, da ko waɗanda suka gama sun karɓi takardunsu. Wanda ya ce maka karatun akwai wuya amma malamai na amsa saƙo, albishir ya yi maka. Wanda ya ce ai ba wani abu ba ne, kuɗinka kawai za ka biya, ya yi maka gargaɗi bai sani ba.

Akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko su ne masu cewa jinya aikin hannu ce, ba a koyon ta a waya. Gaskiya ne babu wanda zai koyi neman jijiyar jariri ya sa masa ƙarin ruwa ta kallon bidiyo, kuma da maganar ɗan sakandare ake yi wanda bai taɓa shiga ɗakin majiyyata ba, da ni ma ina layinsu. Amma wanda muke magana a kansa ya yi shekara uku yana koyon hannu, ya ƙara wasu shekaru yana aiki. Mafi yawan abin da ya rage masa aikin ƙwaƙwalwa ne, ɗakin gwajinsa kuma na jiransa kowace safiya: abin da ya karanta da dare kan ciwon ƙoda, gobe zai tarar da shi a gado na shida. A 2008 Dakta David Cook na asibitin Mayo da abokansa suka tattara nazarce-nazarce 201 kan koyar da ma'aikatan lafiya ta intanet, suka ga sakamakonsa na kafaɗa da kafaɗa da na koyarwar da aka saba. Mu ma ba baƙi ba ne ga karatu daga nesa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, tun 1976 aka kafa ta, kuma ɗimbin malaman firamare ta hannunta suka ƙaro ilimi suna kan aikinsu. Intanet hanya ce kawai, abin da aka ɗoro a kanta shi ne abin dubawa.

Na biyu, kuma su suka fi cancanta a saurara musu, su ne iyayenmu da suka yi shekara talatin a bakin gado. Sukan ce sun ga mai digirin da awon jini ke ba shi wuya, sun kuma ga tsohuwar ungozoma da ke gane matsala tun daga bakin ƙofa. Haka ne. Zan ma ƙara musu hujja. Binciken Aiken ya nuna abu biyu na tafiya tare, bai tabbatar ɗari bisa ɗari cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Asibitin da ke tara masu digiri wataƙila shi ne mai kayan aiki, ko da yake masu binciken sun yi ƙoƙarin cire tasirin irin waɗannan abubuwa a lissafinsu. An kuma yi shi ne a Amurka da Turai, ba a asibitocinmu ba. Adadin nan da na ce ku riƙe yana tuna mana cewa takarda ba ta zama hannu, kuma asibitin da ya tura ma'aikata karatu ya ƙi ɗaukar sababbi bai yi wa majiyyaci komai ba. Amma ku dubi inda jan ya kai mu. In gogewa ce ginshiƙi, to mai gogewar ne ya fi kowa cin moriyar digiri, domin shi ke ɗauke da tambayoyin da karatun zai amsa. Gogewa na koya wa mutum abin da ya tarar ana yi, mai kyau da kuskure, karatu kuwa shi ke shaida masa ranar da abin da aka saba ya tashi aiki. Shekaru da yawa allurar diazepam ake yi wa mai jijjigar haihuwa a asibitoci da dama, ƙwararru ne kuma ke yin ta da kyakkyawar niyya. Sai da wani babban gwaji da aka buga a Lancet a 1995 ya nuna magnesium sulphate na rage dawowar jijjigar da kusan rabi in aka gwada da diazepam. Babu yawan shekarun da zai nuna wa ungozoma wannan da idonta, sai wanda ya ƙirga, sai kuma wanda ya iya karanta ƙirgen.

Ja na uku shi ya fi ciwo. Za a ce: mutumin da ke juyawa tsakanin aikin safe da na yamma da na dare, ga 'ya'ya ga hidimar gida, albashi ba ya kai ƙarshen wata, shi ake cewa ya guji sauƙi? Amsa ita ce sauƙi iri biyu ne, kuma da gangan masu talla ke cakuɗa su. Akwai sauƙin hanya, akwai sauƙin kaya. Sauƙin hanya shi ne a naɗi lacca ɗalibi ya saurara lokacin da ya samu sarari, ya iya sauke darasi a waya ya karanta ko babu sabis, a yarda ya rage kwasa-kwasai a zangon da haihuwa ko sauyin wurin aiki ke tafe, ya jingine zango ba a kore shi ba, cibiyar jarrabawa kuma ta zama inda zai je ya dawo a yini. Wannan haƙƙin mai aiki ne, ya neme shi ba kunya. Sauƙin kaya kuwa shi ne a zubar da karatun domin tafiya ta yi sauri, kuma wanda ya zubar da kayansa zai riga kowa isa kasuwa, sai dai ba shi da abin sayarwa. Bayan wannan sai mutum ya yi wa kansa lissafin gaskiya. Mako awa 168 ne. A cire 40 zuwa 48 na aiki, a cire 49 na barci, sannan hanya da girki da ibada da zumunci. A ganina, in abin da ya rage bai kai awa 12 zuwa 15 ba, a ɗauki rabin kaya a ƙara shekara, domin sauri ya haifi nawa. Kuɗi ma a lissafa shi duka: na makaranta, da data, da kwamfuta, da abin cajin da zai riƙe in an ɗauke wuta, da mota da masauki lokacin jarrabawa da aikin koyo, da abin da kundin bincike zai ci. Karatun da ya fi kowane tsada shi ne wanda aka yi rabi aka bari.

Wannan lissafi ba zai fita ba sai da hannun masu rubuta jadawalin aiki. Iyayenmu metiron-metiron, ranku ya daɗe, makon jarrabawa ba ba-zata yake zuwa ba. In ɗalibi ya kawo jadawalinsa da wuri, ɗage masa aikin dare a wannan mako ba zai rushe asibiti ba, muddin an yi shi layi-layi, ba a bar ɗaki wayam ba, ba a kuma mayar da marasa karatu jakunan masu karatu ba. Asibiti ma ya karɓi ladansa: a sa kundin binciken ya zama kan matsalar da ke damun ɗakin, kamar ruɓewar ciwo bayan tiyata ko jinkirin ba da magani, a kawo sakamakon taron sashe. Shi kuma ɗalibi ya sani, wanda ya bar gado na shida yana kira domin ya amsa tambayoyin gwaji a waya ya ɓata rawarsa da tsalle.

Jama'a, ba sabon ilimi na kawo muku ba. Wanda ya iya ƙin yin allurar da tambarinta ya goge, alhali likita na gaggawa dangin majiyyaci na tsaye a kansa, ya riga ya mallaki halin da ake bukata. Abin da ya rage shi ne ya ba da mako biyu kafin sayen fom: ya tuntuɓi hukumomin nan biyu, ya leƙa sashen ma'aikata, ya zanta da ɗalibai huɗu, ya rubuta awoyinsa da nairorinsa a takarda. Allura jikin mutum ɗaya take shiga. Digiri kuwa, na ƙwarai ko jabu, duk wanda zai kwanta a hannunku daga nan har ku yi ritaya sai ya ɗanɗana abin da ke cikinsa. Matar nan ta ƙarfe uku na dare ba za ta tambayi jami'ar da kuka yi ba, ba ta ma san sunanku ba. Abin da take da shi a wannan dare shi ne abin da kuka karanta da gaske.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa albarka a hannayenku.